Ajiye Addar, Alhaji, Lemon Bai Mutu Ba

Mutumin Kwatano in ya ji an ce sanyi yana ƙone bishiya, sai ya fara leƙa fuskar mai maganar ya ga ko lafiyarsa ƙalau. Ban ga laifinku ba, mutanen Zangon Kwatano. Garin da ma'aunin zafi da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 20, garin da ake kwana da fanka a watan Janairu, ina aka san ɗari? Hunturu in ya leƙo ku na 'yan kwanaki, ya ɗan tsattsage muku leɓe, sai a ga ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya cusa rigar sanyi a ƙarƙashin rawayar rigarsa ta aiki, ya naɗe kunne, ya sa safar hannu, yana tuƙi yana karkarwa daga Ganhi zuwa Dantokpa. Bazazzagin da ya saba alwalar asuba da ruwan randa a Janairu in ya gan shi, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Yau kuma ga wani ya zo zai koya muku jinyar bishiyar lemon da raɓa ta daskare a kanta ta ƙone ta. Ku yi taku dariyar ku more, ina nan ina jira. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Alhaji mai shagon atamfa, na ji ka. Ka ce, "Ni ina ruwana da ƙanƙara, ban da wadda nake jefawa a zoɓo?" Ranka ya daɗe, ruwanka yana cikin ledar da ka riƙo za ka kai gida. Shiga kasuwar Ganhi ka tsaya gaban masu kayan marmari. Ga tulin lemon gida, irin wanda ake lodowa daga Za-Kpota a yankin Zou, kore shar, wani da ɗan rawaya a gefe, fatar duk tabo-tabo. Ga kuma na kwali, wanda aka sauke daga Maroko ko Masar ko Afirka ta Kudu, launin ruwan goro, sumul, wani har da 'yar takarda manne a goshi. In za ka yi baƙi, wanne hannunka yake nufa? Na kwali mana, ka biya da tsada ko ciniki ba ka yi ba, wai shi ne nunanne. To, sanyi ne ya shafa masa wannan launin. Ɓawon lemo ba ya sakin korensa sai dare ya riƙa yin sanyi, ma'auni ya riƙa sauka wajen digiri 13 ko ƙasa da haka, kwana da kwanaki. Na Za-Kpota bai samu irin wannan daren ba, shi ya sa yake nuna a ciki, zaƙi har kunne, rigar tana nan koriya. Wani na kwalin ma ba sanyin Allah ba ne, a ɗakin ajiya aka buɗe masa wata iskar gas ya juye, amma wannan hirar wata rana ce. Kun daɗe kuna sayen sanyi da kuɗinku, ku ne dai ba a gaya wa ba. Sanyin da yake yi wa ɗan kwalliya kuwa, in ya ƙara taku kaɗan, uwar yake kashewa.

"To ai can ƙasar Turawa ne." Haba Malam. Tambayi direbobin da suka saba bin Parakou da Malanville da Gaya har Agadas. A cikin duwatsun Azbin akwai Timia, kilomita 200 da 'yan kai arewa maso gabas da Agadas, kwari ne tsakanin duwatsu cike da garake na lemon zaƙi da tanjarin da garehul da rumman da dabino. Lemon Timia har Yamai da sunansa ake neman sa. Kudu da nan kaɗan ga dutsen Bagazam, wanda dawakinsa suka yi suna, ƙololuwarsa mita 2,022, babu inda ya fi shi tudu a duk Nijar. A can sama, cikin Disamba da Janairu, akan kwana a tashi a tarar ruwan da aka bari a kwano ya daskare. Buzun da yake noma a irin wannan wuri ba ya murmushi in an ambaci ɗari. In kun ce Azbin ma da nisa, ina 'ya'yanku da ƙannenku da suka tsallaka teku? Da yawa daga samarin Afirka ta Yamma da ke Italiya, aikinsu na hunturu tsinkar lemo ne a Rosarno da kewayenta, a Kalabiriya, wasu kuma a gonakin Balensiya ta ƙasar Sifen. Daren da sanyi ya lalata 'ya'yan, da safe babu wanda zai zo ɗaukar ma'aikata. Kuɗin da Hajiya take jira a waya ya makara ke nan, ita kuma tana nan tana cewa yaron ya manta da uwarsa.

Wanda har yanzu yake ganin tatsuniya nake yi, ga gwaji mai arha. Ba ku da ɗari, amma kuna da firiza. Da wuya ka bi layi a Zango ba ka samu gidan da ake sayar da ƙanƙara ba. Karyo ɗan reshen lemon tsami da ganyensa, haɗa da lemon zaƙi guda, ka roƙi Hajiya ta kwantar maka da su a ƙasan firiza zuwa safe. In ta tambaya ko wani haɗi ne aka ba ka, ka ce na malamin jarida ne. Da safe ka fito da su ka ajiye a inuwa. Kafin azahar ganyen ya saki jiki, ya yi duhu, ya yi jiƙe-jiƙe. Bayan kwana biyu ya nannaɗe, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe ƙayau, in ka murza shi ya zama gari. Duk wanda ka nuna wa zai rantse wuta ce ta lashe shi. Abin da ya faru shi ne, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin naman ganyen ya zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta zuƙe ruwan da ke cikin ƙwayoyin ta kuma farfasa su. Da ta narke babu sauran abin da zai riƙe ruwan, iska ta kwashe abinta. Lemon kuwa daga waje lafiya lau za ka gan shi, a nan ha'incin yake. Yanka shi, za ka tarar ciki ya yi laɓo-laɓo, ɗanɗanon ya juya. A gona, in aka bar irin wannan a kan bishiya mako biyu ko uku, ruwan yana tsanewa ta wajen da ya maƙale da reshe, a samu fararen ɗigo-ɗigo a jikin tantanin, lemo ya zama holoƙo. Masana'antun da ke zuba lemo a kwali cikin ruwa mai gudu suke jefa shi su rarrabe, mara nauyin yakan riga sauran tasowa. Ke kuma Hajiya, in kin ɗaga na kwali kin ji girman ya fi nauyin, mayar da shi ki ɗauki wani.

Firizar tana kaiwa wajen digiri 18 ƙasa da sifili, amma bishiya ba ta bukatar ko kusa da haka kafin ta ji jiki. Digiri 2 ƙasa da sifili, in ya yi awa huɗu a tsaye, ya isa ya taɓa 'ya'yan. Fure da ɗanyen toho tun kafin nan sun tafi. Itacen kansa sai an ƙara sauka, an kuma daɗe. Kuma gidan lemo ba ƙarfinsu ɗaya ba: ƙaramin lemon tsami irin namu shi ne ragon gidan, sai babban lemon tsami irin na bakin Bahar Rum, sai garehul da lemon zaƙi, tanjarin ya fi su taurin rai. Ƙaramin dashe ya fi tsohuwar bishiya shan wuya. Wadda ke cikin kwari ta fi ta kan tudu, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi ta kwanta a inda ya fi zurfi, musamman daren da sama ta yi tas, babu gajimare, babu iska.

Yanzu mu shiga gonar. Gari ya waye, mai lambu ya tarar bishiyoyinsa sun yi yaushi, bayan kwana uku sun koma ruwan ƙasa, 'ya'ya suna faɗowa tim-tim. Me zai yi? Na san amsarku tun ba ku buɗe baki ba, don na san halinku: ba ku iya ganin busasshen ganye a tsakar gida ba ku ƙwala wa yaro kira ya kawo adda ba. "A sassare mataccen, mai ran ya samu sarari." Magana mai daɗin ji, kuma ita ce take ƙarasa bishiyar da ɗari ya bari da sauran numfashi. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗari ba ya nuna iyakar ɓarnarsa da wuri. Reshen da ka rantse ya mutu, bayan wata biyu sai ka ga ya tsattsago toho. Wani kuma da ka gani kore, har ya yi sabon ganye ka yi hamdala, zafi na shigowa sai ya yanke jiki ya bushe, domin ɓawonsa ya riga ya lalace can ƙasa, ruwa ba ya hawa. Wanda ya yi sara a makon farko a makance ya yi: ya zubar da mai rai, ya bar matacce, kuma dole ya dawo ya sake wani saran. Ga shi sara yana zuga bishiya ta yi toho, toho kuwa shi sanyi ya fi so. Busasshen ganyen nan da ya tsone maka ido ma da aikinsa, shi yake kare rassan ciki daga rana da kuma sanyin da zai biyo baya. Shi ya sa a Kalifoniya da Fulorida, inda sanyin yakan sauka a Disamba ko Janairu, malaman gona suke cewa a bar almakashi a rataye sai sabon ganye ya fito ya ƙosa, wajen Mayu ko Yuni, in ɓarnar ta kai manyan rassa ma a ƙara jira. Wata biyar, wata shida, mutum yana kallon bishiyarsa a yamutse, maƙwabta suna zunɗen sa wai lalaci ya kama shi. A duk aikin babu abin da ya kai wannan wuya, kuma na san a nan rabinku za ku faɗi.

In kuna son ganin abin da ɗanyen toho yake jawowa, ga Fulorida ta Amurka. A ƙarshen Disamba 1894 sanyi ya gangaro musu daga arewa, ma'auni a garin Orlando ya kai wajen digiri 8 ƙasa da sifili. Lemon da ke kan bishiya ya daskare, ganye ya zube, amma yawancin bishiyoyin da ransu. Sai Janairu ya zo da ɗumi. Bishiyoyi suka ɗauka sanyi ya wuce, ruwan jikinsu ya motsa, suka feso toho, manoma suka fara sakin fuska. Ranar 7 ga Fabrairu 1895 sanyin ya dawo. Wannan karon ya same su cike da ruwa, ɓawo ya tsage tun daga rassa har gindi, gonaki suka mutu har ƙasa. Jihar da take fitar da akwatin lemo sama da miliyan 5 a shekara, a kakar da ta biyo ko dubu 200 ba ta kai ba. Mutane da yawa suka bar gidaje da gonaki suka yi gaba. Waɗanda suka tsaya suka yi ta renon tohon da ya fito daga ƙasa, ga wani sanyin ya sake dukan su a Fabrairu 1899; sai da aka shafe shekara goma sha wani abu kafin a koma inda ake. An sake sha a Disamba 1983 da Janairu 1985 da Disamba 1989, har noman ya tattara ya ƙara matsawa kudancin jihar. A 1895 yanayi ne ya yaudari bishiya ta yi toho lokaci bai yi ba. Mai adda da buhun taki kuwa da hannunsa yake yi mata wannan yaudarar.

"To zama za mu yi mu zuba ido?" A'a Malam, akwai aikin ido, akwai na farce. Duba ganyen. In ya bushe ya kaɗe da kansa ya zube ƙasa, albishir ne, reshen yana da ran da zai saki ganyensa, kuma zai yi wani. In kuwa ya bushe ya maƙale, mako da makonni iska tana kaɗa shi ya ƙi faɗuwa, wannan reshen sai dai addu'a. Abin ya zo muku a juye ko? Ku da kuke ganin wadda ta yi tsirara ita ce gawar. Sannan ka sa farcen babban yatsa ka ɗan kankare ɓawon, kaɗan dai, ba fiɗa ba. In ka tarar da kore mai damshi a ƙarƙashi, da rai. In ruwan ƙasa ne busasshe, gangara ka sake, har ka iske inda koren ya fara. Ɗaura tsumma a wurin ka tafi harkarka. Bayan wata guda ka dawo ka duba, sau da yawa za ka tarar iyakar ta matsa.

Aikin da ba ya jira guda ne. Bishiyar lemo a inuwar kanta take rayuwa, ganyenta yake lulluɓe gangar jikinta shekara da shekaru, ɓawon bai saba da rana ba. Ganye na zubewa rana za ta dafa manyan rassa, ɓawo ya tsage ya ɓamɓare, ƙwari da ruɓa su samu ƙofa. Maganin farar ƙasa ce, a dama da ruwa a shafe gindi da duk reshen da rana take duka, ko farin fenti irin na ruwa a sirka rabi da rabi. Ban da fentin mai, don Allah. Na ga idon Alhaji ya tafi kan ragowar gwangwanin da aka shafa wa ƙofa.

Sai ruwa, inda tausayi yake kisa. Hajiya ta ga bishiya ta bushe, a ganinta ƙishirwa ce, sai a yi ta kwarara mata bokiti safe da yamma. Hajiya, da ganye bishiya take shan ruwa. Ganyen ne yake fitar da shi ta sama, saiwa ta jawo wani ta ƙasa. In babu ganye ruwan kwanciya zai yi a gindi, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, cutar nan da take sa gindin lemo zubar da ƙaro ta samu wurin zama. A rage ban ruwa daidai da ganyen da ya rage, ƙasa ta zauna da ɗan damshi kawai, a riƙa ƙarawa yadda sabon ganye yake ƙaruwa. Taki ma haka. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ba a tarbarsa da malmala uku ta tuwon dawa, da kunu ake farawa, cokali-cokali. Saiwar tana nan da girmanta, kan ne ya ragu. In ka juye mata yuriya, abin da za ka samu dogayen bulalai ne masu ƙaya, sun miƙe sama, ba fure ba ɗa. A jira toho ya fito, a riƙa ba da kaɗan-kaɗan. In sabon ganyen ya fito ƙanana, da rawaya tsakanin jijiyoyinsa, abincin da ake fesawa a ganye yake nema, mai zinki da manganis. 'Ya'yan da suka daskare kuwa a sauke su da wuri, masu dama-dama a matse a sha cikin kwanakin farko, sauran a kwashe.

Ga inda ake cin masu wayo. Kusan duk lemon zaƙin da ake nomawa don kasuwa ɗan aure ne, bishiya biyu ce a jiki ɗaya: gindin wani lemo ne mai tsami ko ɗaci, mai ƙarfin saiwa, aka tsaga ɓawonsa aka cusa idon mai zaƙi. Durƙusa ka duba, wajen taƙi ɗaya daga ƙasa za ka ga ɗan kumburi ko 'yar karkata, nan aka haɗa su. Ɗari in ya yi tsanani yakan kashe saman ya bar gindin. Bayan wata biyu sai ga toho daga ƙasa, kore shar, yana tashi da gudu, ƙaya zaƙo-zaƙo. Mai gona ya yi murna ya kira maƙwabta su gani, ya yi shekara uku ko huɗu yana ban ruwa, ranar da ya ɓare ɗan fari ya kai baki sai fuska ta tattare, ƙwallaye cike da baki. Gindin ne ya yi toho, mai zaƙin ya daɗe da mutuwa. Saboda haka duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a fizge shi da hannu tun yana ɗanye, muddin akwai mai rai a sama. In saman ya tafi baki ɗaya, ko dai a bar toho guda mai ƙarfi a kira wanda ya iya aure ya sa masa sabon ido, ko a tumɓuke a nemo sabon dashe a wurin masu renon iri na kirki. A nan Hajiya ta fi Alhaji sa'a. Lemon tsamin da ya tsiro bayan ɗakin girki daga ƙwallon da wani ya tofar ba shi da aure, duk abin da ya fito daga saiwarsa shi ne dai.

In lokacin sara ya yi, sabon ganye ya yi duhu ya yi kauri, iyakar mai rai da matacce ta fito fili, to Alhaji ga ranarka ta zo. Amma addar dai a bar ta a ɗaki, tana farfasa reshe ta bar baki kaca-kaca. Almakashin lambu ga ƙananan rassa, zarto ga manya, a wasa su, a riƙa goge su da ruwan jabel tsakanin bishiya da bishiya. A yanka cikin mai rai, ƙasa kaɗan da inda mutuwar ta tsaya, daidai saman wani toho mai ƙarfi ko a mararrabar reshe, kada a bar guntu yana tsaye. Matattun rassa a fitar da su daga gonar a ƙone, don a jikinsu funfunar da take ɓata fatar lemo take kwana. Toho zai fito cunkus. Shekarar farko a bar yawancinsa, bishiyar tana bukatar ganye ta ciyar da saiwarta, daga baya a zaɓi waɗanda za su zama manyan rassa a rage sauran.

"Yaushe zan sha lemo?" Na san nan za a zo, ɗan kasuwa ba ya jin magana sai an kai wajen riba. In ganye da ƙananan rassa kawai aka rasa, kakar gaba za ta yi ƙaranci, ta bayanta ta dawo daidai. In manyan rassa ne, ka ƙirga shekara biyu zuwa uku. In har gindi aka koma, lissafin sabon dashe za ka yi.

Rigakafin kuwa shi zai fi ba ku dariya. A daren da ake tsoron ɗari, manoman Fulorida ruwa suke kunna wa bishiyoyi, ƙaramin famfon feshi a gindin kowace, har gari ya waye ƙanƙara tana reto a rassa. E, da ƙanƙara suke korar ƙanƙara. Ruwa in yana daskarewa yana sakin ɗan ɗumi, kuma muddin sabon ruwa yana zuwa yana daskarewa, abin da ke ƙarƙashi yana tsayawa kusa da sifili, sifili kuwa lemo yana jure shi. Sharaɗin, kada ruwan ya yanke sai rana ta fara narkarwa. In inji ya mutu da ƙarfe uku na dare, gara ma ba a fara ba. Ku da kuka san halin wutar lantarki sai ku auna. A Kalifoniya kuma manyan fankoki suke kafawa a kan dogayen turaku, su jawo iska mai ɗan ɗumi da ke sama su gauraya ta da mai sanyin da ta kwanta a ƙasa. Fanka maganin sanyi, na san wannan sai an kai shi majalisa bayan la'asar. Wanda ba shi da inji, sai ya tara ƙasa a gindin ƙaramin dashe har ta rufe wurin auren, ya kwashe in sanyi ya wuce. Ya lulluɓe da buhu ko tsohon bargo har ƙasa. Ya share ciyawa ya jiƙa ƙasar kwana ɗaya ko biyu kafin daren, don jiƙaƙƙiyar ƙasa da babu ciyawa ta fi riƙe zafin rana ta sake shi da dare.

Alhaji ya gyara zama, ya ce duk ya ji, amma har yanzu ƙanƙara ba ta sauka a Ganhi ba. Ba ta sauka ba, ni ma ba na yi muku fatan ta. Wuta fa? Kowane rani in ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya da gyazbi sukan cinna wa daji wuta, ta tsallaka gonakin lemo, a Zou ko a Binuwai, inda manyan motocin kasuwar 'Yan Lemo ta Kano suke lodi. Wuta da ɗari ɓarna iri ɗaya suke yi: su kashe ganye, su dafa ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawo, su bar saiwa da rai. Jinyar ma ita ce dai, farar ƙasa, ɗan ruwa, farce, fizge tohon gindi, sai dai a nan damina ake jira ta sauka toho ya ƙosa kafin a ɗauko zarto. A Kano da Katsina da Maraɗi kuwa, busasshiyar iskar hunturu takan kakkaɓe ganyen lemon da aka yi sakaci da ba shi ruwa, ya tsaya tsirara, mai gida ya yanke masa hukunci alhali ƙarƙashin ɓawo kore ne. Wani abin ma da ya kamata mai lambu ya sani: a ƙasashen sanyi, sanyi ne yake shirya lemo ya yi fure, a wajenmu kuwa ƙishirwa ce. In ya sha makonni babu ruwa, ruwan farko na sauka sai ya feso fure. Mai rijiya yakan iya yin dabarar da kansa, ya janye ruwa na ɗan lokaci sannan ya sake shi. Amma lafiyayyar bishiya ake yi wa wannan, ban da wadda take jinya.

Saura abokan gaba na kusa. Sabon toho na fitowa za ku ga ƙananan ƙwari sun yi masa cincirindo suna tsotsa, ga tsutsar nan mai zane-zane a cikin ganye tana nannaɗe shi. A riƙa dubawa, a yi feshi in abin ya yi yawa. Sanyin Fulorida sai a yi shekaru bai zo ba, akuyar maƙwabci kuwa kullum tana bakin ƙofa, kuma tohon da kuka yi wata shida kuna jira, minti biyar ya ishe ta. Ragon layya ma ku daina ɗaure shi a gindin lemo yana gwaguyar ɓawo, a daina watsa ruwan wanki mai omo a wurin. A kewaye bishiyar da waya ko bulo, tsayin ya wuce inda bakin akuya yake kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya, don za ta miƙe. Kuɗin wayar kuma ku je ku karɓo wurin mai akuyar, in kun isa.